Yadda Mastura Ta Riƙe 'Yar Habasha

Duk wanda ya zauna a unguwar Ammariyya ta Jidda a shekarun sittin ya san Mastura. In bai san fuskarta ba ya san bayanta, don kullum wucewa take yi. Ba a taɓa ganin ta gama kofin shayi a zaune ba. A tsaye take cin abinci, a tsaye take gulma. Ko gaisuwar mutuwa ta je, kafin a shafa fatiha ƙafarta ɗaya ta riga ta shiga takalmi. Matan unguwa suka sa mata suna Ba-zama. Ta ce ta ji ta gode, in sun gama nasu zaman su aiko mata da labarin abin da ya haifar musu.

Ubanta Bawa mutumin Katagum ne. Da ƙafa ya taho, shekara bakwai a hanya. Ya tsinci auduga a Sudan, ya haye teku daga Sawakin, ya yi aikin hajji, ya ce bari ya ɗan huta kafin ya juya gida. Yana cikin hutun nan mutuwa ta same shi, bayan shekara talatin. A bukkokin Takari na bayan ganuwa aka haifi Mastura. Ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma in ta tashi zagi sai ka rantse jiya ta baro kasuwar Azare. Ciniki da Larabci take yi, faɗa kuwa sai da Hausa, ta ce Larabci ba ya shiga jiki.

Tana da shekara bakwai uwarta ta rasu, Bawa ya ba da ita riƙo a gidan wasu 'yan kasuwa a cikin Balad, tsohon gari. Ba su hana ta abinci ba, ba su kuma cika dukanta ba. Sai dai sunan da uwarta ta sa mata, Tasalla, sun ce ba ya zama a bakinsu, suka mai da ita Mastura. Sallar da uwarta ta koya mata kuma, hannuwa a sake, tsohuwar gidan ta ce wannan tsayuwar askarawa ce, ta riƙa kama hannuwan tana ɗora mata a ƙirji. Har Mastura ta tsufa, in ta yi kabbara sai hannuwanta sun ɗan yi shawagi a tsakiya, kamar suna tambaya gidan wa za su sauka.

Ta auri Bello mai tsire, wanda ke kafa tukubarsa a Bab Sharif da la'asar. Mutum ne mai sanyi, irin wanda in gobara ta tashi zai fara tambaya ko an gaya wa mai gidan. Sau uku Mastura ta haihu, babu wanda ya kai yaye. Ba ta maganar, ba a kuma yi mata. Wanki da guga take yi a gidajen Balad. Lokacin hajji kuwa, kamar rabin Takarin Jidda, a kulle gida a hau lori a nufi Mina, ta kafa tukwane tana tuƙa tuwo wa alhazan da burodi ya ishe su. Kwana goman nan su ke riƙe gidan har shekara ta zago.

A ɗaya daga cikin gidajen wankin ta haɗu da Abrihet, mai girki, 'yar Habasha daga Asmara, Kirista. Mijinta ya bi jirgin ruwa bai waiwayo ba, ya bar ta da yarinya 'yar shekara shida mai suna Lamlam. Larabcin Abrihet ɗingishi yake, na Mastura gudu yake, amma a bakin baho suka fahimci juna, don sun yi ittifaƙi a kan cewa uwar gidan ba ta san abin da take so ba.

A ƙarshen shekarar 1964 tari ya kama Abrihet ya ƙi saki. Likita ya ce tarin fuka ne, sai asibitin ƙirji a can Ɗa'ifa, kuma ba a shiga da yara. Masu gidan suka ce su mai girki suka ɗauka, ba 'yar mai girki ba.

Da hantsi Abrihet ta iso gidan Mastura a Ammariyya, yarinya a hannu ɗaya, ƙunshin kaya a ɗaya. Ba ta yarda ta shiga ɗaki ba saboda tarin. A bakin ƙofa ta ɗaga haɓar Lamlam ta nuna wani zare shuɗi da ke wuyanta.

"Wannan tun ranar da aka yi mata wankan coci yake. Kar a tsinke shi, 'yar'uwa."

"Ba zare ba? Halas, an gama. Ba mai taɓawa."

"Nama kuma, wanda Musulmi ya yanka, mu ba ma ci."

Mastura ta waiga tsakar gida, inda Bello ke zaune gaban tire yana soka nama a tsinke, tulin garin ƙuli a gefensa. Ta ce, "To lallai kin zaɓi gida."

Abrihet ta so ta yi dariya, tari ya karɓe. Da ya lafa ta ce Laraba da Juma'a ba nono, ba man shanu, ba ƙwai. Sannan ta kama hannun Mastura, hannun nata zafi rau.

"Kalmarku ta shahada. Kar ki sa ta faɗa. Zan dawo. Ina so in same ta yadda na bar ta."

"Amana ce," in ji Mastura. "Na karɓa."

Tana rufe baki ta gane bakin ya sake riga kan fita, yadda ya saba.

Kafin azahar labari ya gama unguwa, kafin la'asar Na'ibi ya iso. Yayan Bello ne, shi ke jan salla in liman ba ya nan, har sunan muƙamin ya cinye sunansa na yanka. Ya tsaya a zaure ya yi gyaran murya sau uku.

"Mastura, Allah ya kawo miki lada har cikin ɗaki, kin tsaya kina ciniki da shi?"

"Yaya, ba kyauta aka ba ni ba. Ajiya ce."

"Kowane yaro a kan Musulunci ake haihuwarsa. Wannan a littafi yake."

"To ai an gama aikin ke nan, Yaya. Ni me ya rage in yi?"

Na'ibi ya dubi ƙanensa ko zai sa baki. Bello ya duƙufa kan tsinkensa kamar yau ya fara ganin nama.

"Ki yi ta wasa," in ji Na'ibi. "In ta mutu a hannunki a haka fa? Me za ki ce ranar da aka tambaye ki?"

Mastura ta juya ta koma kan wankinta. Wannan tambayar ita ta bi ta shekara biyu da rabi, tana wanki tana jin ta, tana guga tana jin ta. In ta juya nan sai ta ga ta tare wa yarinya hanyar shiriya. In ta juya can sai ta ga ta ci amanar mara lafiya. Dama can ba ta zama, yanzu tsayawar ma ta gagara.

Ga ta mace mai salla biyar, ba ta san komai na addinin Kirista ba in ban da abin da aka gaya mata a bakin ƙofa, amma sai ta zama ita ce mai gadinsa a Ammariyya. Ta kuwa tsare shi da zafin da ko limamin cocin Asmara ba zai yi ba. Ta sayo tukunya daban da cokali daban. Kullum da sassafe tana kasuwar kifi. Bello in ya dawo daga tukuba sai ya wanke hannu da sabulu sau biyu kafin ya shafa kan yarinya. Gidan mai tsire, ƙamshi ya cika ko'ina, Lamlam na zaune tana zare ƙaya tana haɗiyar yawu.

"Inna, ko ɗan lasa?"

"Lasa ma ci ne. Yalla, gama kifinki."

Ba a yi wata biyu ba yarinyar ta fara ce mata Inna, Hausa ta zauna a bakinta har da zagin. Matsalar ita ce bango. Maƙwabciyarsu Bashira na da makarantar allo ta 'yan mata a tsakar gidanta, bangon da ke tsakani kuma na katako ne, ko atishawa aka yi can sai a ce alhamdu lillahi nan. Wata rana Mastura ta sallame sallar azahar ta waiga, sai ga Lamlam a bayanta, goshi a ƙasa, ɗuwawu a sama, tana karanta fatiha a cikin sujada. Mastura ta rasa ta inda za ta fara: ta gyara mata, ta ce ba a nan ake karantawa ba, ko ta hana ta gaba ɗaya? Ta ɗago ta tsaye.

"Ke, yi ta uwarki in ji."

Lamlam ta haɗa hannuwa ta fara addu'ar da uwarta ta koya mata da yarensu. Ta kai tsakiya ta tsaya. Ta sake farowa, ta tsaya a wuri ɗaya. Rabin ya zube.

Mastura ta ji kamar an ba ta ajiyar tulu ta ga yana yoyo. Washegari ta bazama. Ta shiga gidaje, ta tare direbobi, ta tambayi masu shara, har aka kwatanta mata wata tsohuwa 'yar Habasha da ke gasa gahawa a gidan wani attajiri a Kandara. Tsohuwar ta ce ɗakinta na masu gida ne, ba za ta iya ajiye yarinya ba, amma ranar Lahadi da hantsi tana da sa'a ɗaya. Daga ranar, kowace Lahadi Mastura na jan hannun Lamlam har Kandara, ta tura ta ɗakin, ita kuma ta tsaya a waje tana kai da kawowa, carbi a hannu, tana istigfari da ƙarfi don kar wani abu ya faɗo mata a kunne.

Bashira ta ce, "Yaya Mastura, ke kaɗai ce a duniya ke raka mutum coci da carbi."

"Ba coci ba ne, ɗakin gahawa ne. Ki kula da bangonki, shi ya jawo mini."

Sai hajji ya zo.

Duk mutumin Jidda ya san akwai shinge a Shumaisi, kan hanyar Makka, wanda ba Musulmi ba ba ya ƙetare shi. Mastura ta san haka tun tana goye, amma sai da aka fara ɗaure tukwane ta tuna ya shafe ta. Unguwa duk tafiya za ta yi, babu wanda za a bar wa yarinya.

"Wa zai sani?" in ji Bashira. "Baƙa cikin baƙaƙe. Ki sa mata farin mayafi, ki cusa zaren a riga. Askari zai tsaya ƙirga wuyan yara ne?"

Mastura ta ce a'a ran Litinin, ta ce a'a ran Talata. Ran Alhamis ta dubi buhunan gari da kuka da daddawa da aka riga aka sayo, ta ɗauko farin mayafi. Ta ce wa kanta ai ba kalma za a faɗa ba, tuwo za a tuƙa.

Lori ya cika maƙil, maza a gaba wajen kan mota, mata da yara da tukwane a baya. Rana ta buɗe, kwalta na tururi. Da aka wuce Bahra wani ya ɗaga murya da labbaika, mota duk ta amsa. Muryar da ta fi kowace zaƙi, ta fi kowace fita, ta Lamlam ce. Ta miƙe tsaye a kan buhun gari, mayafi na kaɗawa, tana rerawa kamar da ita aka haife ta.

Wata tsohuwa ta tafa hannu. "Masha Allah! Hajiya Lamlam! Shi ke nan, in ta tsaya Arfa ta zama tamu."

Na'ibi ya juyo daga gaba, fuskarsa fal murna, ba da mugunta ba. "Gaban shaidu dubu kuwa. Wanda ya yi labbaika ya tsaya Arfa, wa zai sake kiransa Kirista? Kin ga, Mastura, Allah ya sauƙaƙa miki. Ba ki sa ta ba, ba ki hana ta ba."

Mastura a lissafinta ɓoye yarinya za ta yi kwana goma ta dawo da ita. Ashe hanyar nan ba ta da dawowa. In aka sauko daga Arfa, duk Ammariyya shaida ce, kuma in Abrihet ta zo ta ce a ba ta 'yarta ta kai ta coci, mutanen nan guda da ke tafi yanzu su za su tare ƙofa.

Aka iso Shumaisi. Askari ya taka taya ya leƙo, ya ga baƙaƙen fuskoki da fararen mayafai da tukwane, ya yi hamma, ya ce, "Yalla." Ko tambaya bai yi ba. Direba ya sa giya.

Mastura ta zaro muciya daga cikin kaya ta tsallake mutum uku ta shiga dukan rufin kan mota. Ƙwam, ƙwam, ƙwam.

"Tsaya! Ka tsaya na ce, kurma ne kai?"

Direba ya taka birki, tukwane suka yi karo da juna. Kafin a ce mene ne ta dire ƙasa, ta miƙa hannu ta sauko da Lamlam.

"Mastura, lafiya?" in ji Bello.

"Mu nan muka tsaya, Malam."

"To tuwon fa?"

Ta cilla masa muciyar. "Ka tuƙa."

Askari ya matso yana tambaya me ya faru. Ta gaya masa da Larabcin Jidda tsantsa cewa yarinyar nan Banasariya ce, amana ce a hannunta, ba ta shiga. Ya dubi yarinyar da ya ji tana labbaika yanzun nan, ya dubi Mastura, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya rasa laifin da zai kama, tunda ita ta kawo ƙarar kanta. Ya ce su koma wancan hannun titi su daina tare hanya.

Lamlam ta yi kuka har Jidda, a bayan wata motar kankana da ta dawo babu kaya. Ta ce Inna muguwa ce, ta ce kowa ya tafi sai ita. Mastura ta ce ta ji. Suka tarar da Ammariyya wayam, sai kyanwoyi da makafi biyu. Ranar Arfa Mastura ta yi azumi, ta share gidan sau uku, ta wanke kayan da ta wanke jiya.

Bello ya dawo da labarin tuwon da ya tuƙa. Wani alhaji daga Sakkwato ya tambaye shi ko gudajin ciki na jifan shaiɗan ne aka ajiye. Shekarar gidan ya ji jiki, Mastura ta ƙara gidajen wanki biyu, hannuwanta suka tsattsage. Hajji na gaba ma ba ta je ba, na bayansa ma haka. Na'ibi ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwarta, daga baya ya gaji, don ba a iya gaba da mutumin da ya riga ya wuce kafin ka ɗaure fuska.

Daga Ɗa'ifa saƙo biyu kacal aka samu a duk tsawon lokacin, ta bakin wani direban motar kayan lambu. Na farko ya ce Abrihet tana nan da rai. Na biyu ya ce tana nan da rai, ta yi ƙiba kaɗan.

A tsakiyar 1967 Abrihet ta dawo. Ta warke, amma iƙamarta, takardar izinin zama, ta mutu tana kwance, masu gidan da suka tsaya mata a da sun ce ba su san zancen ba. An ba ta kwana uku, jirgin ruwan Masawwa, tashar ƙasarsu, na tashi ran Asabar. Ta tsaya a bakin ƙofar nan da ta tsaya a da, ta kira sunan 'yarta. Lamlam, 'yar shekara tara yanzu, ta leƙo, ta ga baƙuwa, ta koma bayan zanin Mastura. Uwar ta yi mata magana da yarensu. Yarinyar ta amsa da abin da kawai ya rage mata na yaren, wato addu'a, daga farko har ƙarshe babu tuntuɓe. Abrihet ta durƙushe a wurin tana kuka tana sumbatar hannun Mastura mai tsaguwa. Mastura ta fizge hannun ta ce wuta na cin itace a banza, ta shige madafa.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci Na'ibi ya zo. Wannan karon bai yi gyaran murya ba. Ya same ta tana shanya, ya tsaya ta ɗaya gefen igiya.

"Mastura, yau ba wa'azi na zo yi ba. Na ga yadda kika riƙe yarinyar nan. Na kuma san ɗakinki kafin ta zo, ba motsin yaro." Ya matso kusa da igiya. "Kalma ɗaya ce a gaban umda, mai unguwa. Ta iya, kowa ya san ta iya. In ta faɗa da bakinta, babu hukumar da za ta sa yarinya Musulma a jirgi a kai ta inda za a mai da ita coci. Ta zauna ke nan. Ki samu 'ya, ki samu lada."

Mastura ta matse zani har ruwan ya ƙare ta ci gaba da matsewa. Abin da ya faɗa shi take so, tun ranar Laraba take son sa, ba ta dai samu mai faɗa mata shi da baki ba.

"Na ji, Yaya," ta ce.

Ba su lura ba, Lamlam na bayan zannuwan da aka shanya.

Ran Asabar da safe Mastura ta zaunar da ita a kan turmi tana yi mata kitson tafiya, ita a tsaye a bayanta. Abrihet ta tafi karɓo takardar jirgi. Gidan umda kuwa lungu biyu ne daga nan.

"Inna."

"Daina motsi."

"Inna, in faɗa? Na iya. Na fi 'yan makarantar Bashira iyawa. In na faɗa ba za a tafi da ni ba, Baba Na'ibi ya ce."

Hannun Mastura ya tsaya a cikin gashin. Ta dubi ƙeyar yarinyar, 'yar siririya, da tabon ƙurjin da ita ta yi jinyarsa. Lungu biyu. Kafin uwar ta dawo an gama.

Ta ja gashin ta ci gaba da kitso, da ɗan ƙarfi.

"Na san kin iya. Amma in kin faɗa yau, don wa kika faɗa?"

"Don ke."

"To kin gani. Ni ba a faɗa don ni. Ni wanki nake yi."

"Ba kya so na ne."

"Ke, rufe mini baki kafin in cusa miki matsefi. Ki bi uwarki ki je ki girma. In kin girma, kin san hagu kin san dama, bakinki naki ne, abin da kika ga ya fi ki faɗa. Ni kullum ina roƙa miki shiriya, wannan uwarki ba ta hana ni ba, don ban tambaye ta ba. Amma ba zan karɓi ajiya da hannun dama in sace da na hagu ba. Juyo nan gefen."

Lamlam ba ta yi kuka ba, abin da ya fi damun Mastura ke nan.

A bakin tashar jirgi, cikin turereniyar 'yan dako da akwatunan kwano, Mastura ta ja Abrihet gefe. Ta ce akwai abin da za ta faɗa kafin a rabu, kar ya bi ta kabari.

"Nama ta ci sau biyu. Ɗaya gidan suna, ban gani ba sai da ta haɗiye. Ɗaya kuma Malam ne, ya ce faɗuwa ya yi daga tire, ni ban yarda ba. Fatiha ta iya, da surori shida, ba ni na koya mata ba, bango ne. Sannan da ta yi ƙyanda, zazzaɓi ya kai inda ya kai, na ba ta rubutu ta sha. Sau ɗaya. Wannan ni na yi, da sanina, kuma in aka sake zan sake."

Abrihet ta dube ta, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ƙirji.

"'Yar'uwa, ni shekara biyu da rabi ina cin naman asibiti. Likita ya ce in ci ko in mutu. Har ƙari nake nema."

"Au! Ni ina nan ina wanke hannun Malam da sabulu, ke kina can kina neman ƙari?"

Suka rungume juna suna dariyar da ba ta da maraba da kuka. Aka busa ƙaho. Mastura ta sunkuya za ta rungumi Lamlam, yarinyar ta tsaya ƙiƙam, hannuwa a gefe, ido a ƙasa. Uwar ta ja ta suka shiga layi. Mai gadi ya tare Mastura a ƙofar ƙarfe, ta gaya masa abin da take tunani game da shi da hularsa, da Hausa, bai ji ba balle ya ji haushi.

Jama'a ta haɗiye su. Mastura gajera ce, ta yi ɗage, ta matsa hagu, ta matsa dama, ba ta ga komai ba sai rawuna da ƙunshin kaya. Bello dogo ne.

"Malam, kana hango su?"

"Ga su can kan tsani."

"Ta waiwayo?"

Bello ya miƙa wuya ya duba. "Ta waiwayo."

"Ƙarya kake, Malam."

"Ƙarya nake."

Ta gyara mayafi ta juya, ya biyo ta a baya yana sauri.

Mastura ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Wasiƙa ba ta taɓa zuwa ba, ƙasar can ma yaƙi ya ci ta. Duk ɗan Habashar da ta gani a kasuwa sai ta tare shi ta tambaye shi ko ya san wata Lamlam a Asmara, mai jin Hausa, mai taurin kai. Ba ta taɓa sanin addinin da yarinyar ta tashi a kai ba. In aka tambaye ta ko ta yi nadama, amsar ta danganta da ranar da kuma mai tambayar. Wata rana ta ce daidai ta yi. Wata rana ta ce ba a taɓa yin wawuya irinta ba tun da aka kafa Ammariyya. Na'ibi kaɗai ne bai taɓa samun amsa ta biyun ba, ko da ya tambaya a ranar da take jin ta.